An ce wanda ya fara shaƙar inhela ba ya rabuwa da ita

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 13 ne, muna zaune a Argungu. Duk lokacin hunturu da lokacin casar shinkafa numfashinsa na sarƙewa, ƙirjinsa na kuka, ya kwana yana tari. A asibiti an ce asma ce, aka rubuta masa inhela iri biyu, amma mahaifiyar maigidana ta hana, ta ce wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa, kuma tana raunana zuciya. Wata takwas ke nan muna saya masa wasu ƙananan ƙwayoyi farare a kemis, yanzu fuskarsa ta cika ta yi zagaye. Hankalina ya tashi, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba yaro lafiya. Cikar fuskar nan ita ce ta fi damuna a wasiƙarki, domin ina kyautata zaton ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone ne, kuma irin wannan kumburi alama ce ta cewa sun fara yi masa illa. Kada ki yanke masa su rana ɗaya, domin bayan wata takwas jikinsa ya rage samar da sinadarin da ƙwayoyin suka maye gurbinsa, kuma yankewa farat ɗaya tana iya sa jininsa ya sauka ya faɗi. Ki ɗauki kwalin ki kai shi asibiti cikin makon nan, a rage masa sannu a hankali, a kuma duba sukari da hawan jini.

Maganar da Hajiya ta faɗa kuwa, kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na san don ƙaunar jikanta ta faɗe ta. Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu kemis da ke maimaita ta suna miƙa ƙwaya. Na ga yaran da aka kawo leɓɓansu sun yi duhu, takardar inhela na ninke cikin jakar uwa tun watanni. A nan ma jita-jitar ta samo asali: mutane ba sa yarda da inhela sai ciwo ya ci ƙarfin mai shi, in ya rasu sai a ce ai ita ce ta ƙarasa shi.

A duba lissafi. Feshi ɗaya na salbutamol, maganin buɗe hanyar iska da ke cikin inhela, mikirogiram 100 ne, feshi biyu 200, kuma kai tsaye yake sauka cikin hanyoyin iska. Ƙwaya ɗaya ta maganin nan mai miligiram 4 kuwa mikirogiram 4,000 ce, ninki ashirin ke nan, kuma sai ta bi jini ta ratsa zuciya kafin ta isa huhu. Saboda haka bugun zuciya da rawar hannun da ake tsoro sun fi zuwa daga ƙwaya. Babu kuma wani abin maye a cikin inhela da zai sa jiki ya kamu da ita. Wanda aka gani yana shaƙa shekara da shekaru, ciwonsa ne mai daɗewa, kamar yadda mai hawan jini yake daɗewa kan maganinsa. Ƙwayoyin kemis ɗin nan irin su prednisolone su ne, in an daɗe a kansu, suke kawo ciwon suga, da laushin ƙashi, da yanar ido, da tsayar da girman yaro. Mu ma muna ba da prednisolone idan ciwo ya tashi da ƙarfi, amma na 'yan kwanaki kawai.

Dalilin rubuta iri biyu shi ne, ɗaya tana buɗe hanya nan take, ɗayar tana kwantar da kumburin da ke ciki, wanda shi ne tushen ciwon. A 2018 an wallafa sakamakon wasu manyan gwaje-gwaje biyu masu suna SYGMA, da suka haɗa mutane kusan 8,000 daga shekara 12 zuwa sama. A na farkon, waɗanda suka shaƙi haɗin budesonide (mai kwantar da kumburi) da formoterol (mai buɗe hanya) duk lokacin da suka ji sarƙewa sun samu raguwar mummunan tashin ciwo da kusan kashi biyu cikin uku, idan aka kwatanta da masu shaƙar mai buɗe hanya kaɗai. Shi ya sa a 2019 kwamitin GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina ba da shawarar a dogara da mai buɗe hanya ita kaɗai. Duk wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye na mai buɗe hanya a shekara, ciwonsa bai kwanta ba. Illar mai kwantar da kumburi ƙarama ce: a wani dogon bincike a Amurka, yaran da suka daɗe suna shaƙar budesonide sun gaza takwarorinsu tsawo da kusan santimita ɗaya. Ya riƙa kurkure baki bayan kowace shaƙa don kada farar ƙwayar cuta ta fito masa a baki.

Idan kin koma asibiti, ki nemi a yi masa gwajin hura iska cikin na'ura, kafin shaƙa da bayanta, domin ƙaruwar iskar da ya hura da fiye da kashi 12 cikin ɗari tana tabbatar da asma. In babu na'urar a kusa, a tura ku Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tun da ya daɗe yana shan maganin da ke rage garkuwar jiki kuma yana tari, a gwada majinarsa don cire shakkar tarin fuka, gwajin kyauta ne. Ki sa a nuna masa yadda ake shaƙa ta cikin mazubi, wato robar da ake jona wa bakin inhela a fesa maganin a ciki sannan a shaƙa. In ba a samu na saye ba, binciken Farfesa Heather Zar a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna cewa robar lemo mai rabin lita da aka huda gindinta aka liƙe da kyau tana yin aikin. Ya nisanci ƙaiƙayin shinkafa, da hayaƙin murhu, da turaren wuta a ɗakin kwana. Ranar da ya kasa ƙarasa jimla saboda numfashi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana fama, a ba shi mai buɗe hanya a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Ku je tare da maigida da Hajiya, domin ta ji bayanin daga bakin likita ta kuma yi nata tambayoyin.