Mangwaro ya yi mana yawa a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Muna da bishiyar mangwaro biyu a tsakar gida, ɗaya binta siga, ɗaya mai zare. Bana sun yi 'ya'ya har rassa na kwanciya a kan katanga. Mun sha, mun aika wa maƙwabta da 'yan'uwa, amma kullum da safe sai na share ruɓaɓɓe cike da kwando. Wuta ba ta zama a unguwarmu balle in dogara da firij. Ta yaya zan adana shi ya kai mu ko da ƙarshen damina ne? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara albarka. Shawarata ki busar da shi, kuma ki fara tun yanzu da ranar bazara ke da ƙarfi. Da zarar ruwa ya sauka iska ta yi laima, shanya ba za ta yi kyau ba, fumfuna ce za ta riga ki. Mu da muka iya kauɗar tumatir ban san me ya sa muke ƙyale mangwaro yana zuba ba, alhali a Burkina Faso, wajajen Bobo-Dioulasso, busasshen mangwaro sana'a ce babba, har Turai ake kai shi.

Kada ki jira ya faɗo da kansa. A sa yara su tsinko wanda ya ƙosa, da ɗan guntun karansa, saboda ruwan danƙon nan da ke fita yana ƙona bawo, wasu ma yana sa musu ƙaiƙayi a baki. Ki wanke, ki ware nunanne daban, don nunanne yana fitar da wata iska da ke gaggauta nunar na kusa da shi. Ɗanyen ki shimfiɗa shi a inuwa, kada ki jibge a buhu.

Binta sigar ce ta shanya. Ki zaɓi wadda ta nuna amma ba ta yi luguf ba, wadda in kin danna da yatsa za ta ɗan lotsa kaɗan. Ki fere, ki yanka fale-fale, kaurin kamar rabin santimita, ki tsoma a ruwan da kika matsa lemun tsami a ciki na 'yan mintuna don kada ya yi baƙi. Sai ki jera a faifai ko tire, kada wani ya hau kan wani, ki ɗora a kan tebur ko rufin ɗaki nesa da kaji da ƙura. Ki rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Amma don Allah ban da gidan sauro, domin galibinsu da maganin kwari a jiki, ba abin da zai taɓa abinci ba ne. Ki juya sau ɗaya da rana, da magariba ki shigar ɗaki. Kwana 2 zuwa 4 ya isa idan rana ta buɗe.

Ga yadda za ki gane ya yi: ki lanƙwasa yanki ɗaya, ya lanƙwasu kamar fata bai karye ba, in kin yaga kin matsa kuma babu ruwa. Ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi, ki riƙa dubawa kwanakin farko. In kin ga gumi a jikin kwalbar, bai gama ba, a mayar rana. Zai motse ƙwarai, kada ki ce yara ne suka ɗiba, ko da yake su ma sai kin sa ido.

Mai zaren kuwa ba ya yankuwa da kyau, sai dai ki matse shi ki tace da rariya. Ruwan mai kaurin kina iya shafa shi siriri a tiren da kika ɗan goga wa mai, ya bushe ki naɗe kamar tabarma ki yayyanka. Ko ki yi jam na shafa wa burodi: kilo 1 na tataccen mangwaro, sukari giram 750, ruwan lemun tsami babban cokali 3. Ki haɗa da wasu da ba su gama nuna ba, su ne ke sa shi ya kama jiki. Ki dafa kina juyawa har in kin ɗiga a faranti mai sanyi kin tura da yatsa ya tattare. Kwalaben ki tafasa su minti 10, ki zuba da zafinsa ki rufe gam. Ni dai da tsadar sukarin nan ba na yin fiye da kwalba kaɗan, kuma wadda aka buɗe, tunda ba firij, a cinye ta cikin 'yan kwanaki.

Sai ruɓaɓɓun da kike sharewa, kada ki watsa su bayan gida. Tsutsar da kike gani a ciki ta wani ƙuda ce da ke huda bawo ya yi ƙwai. Mafi ɓarna a cikin irin waɗannan ƙudaje daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, yanzu ya cika Afirka ta Yamma. Tsutsar a ƙasa take shiga ta rikiɗe ta dawo ƙuda, ta koma kan bishiyarki. Ki tattara ruɓaɓɓun kullum a baƙar leda mai kauri, ki ɗaure bakin sosai, ki bar ta a rana kamar mako guda kafin ki zubar.