Valencia da García: Amsa Ga Yarona a Sashen Wasanni

Ka tambaye ni me ya sa nake gyara maka kiran Valencia da García, alhali duka biyun da "cia" suka ƙare. To saurara, ɗana.

Da farko ka daina karanta su da bakin Turanci. Sifaniyanci ya fi kusa da bokonmu: wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Sai dai ba su da dogon wasali da gajere irin namu, don haka kada ka ja.

Sannan ka yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Valencia gaɓa uku ce: Va-len-cia. I da a na ƙarshe tare suke fita, kamar "sya". Ƙa'idarsu ita ce, in kalma ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ƙarfin murya kan gaɓar kusa da ta ƙarshe yake sauka. Sai ka ce ba-LEN-sya. Eh, "ba" na ce. V da b sauti ɗaya ne a wurinsu, wannan kuwa ya yi mana daidai.

García fa, dubi ɗan karan da ke kan i ɗin. Ba kwalliya ba ce. Shi ya raba i da a, ya jawo ƙarfin kansa: gar-SI-a. A nan masu buga mana labarai ke cutar mu, don sau da yawa sukan zubar da alamar. Málaga in babu ita sai ka ce ma-LA-ga, alhali MA-la-ga ce.

In kalma ta ƙare da wani baƙin daban, ƙarfin na gaɓar ƙarshe ne: ma-DRID, re-AL. Gaɓa biyu ce Real, kada in sake jin ka kira ta kamar kuɗin Saudiyya.

C ɗin da ke cikin "cia" kuwa, mutanen Madrid kan sa harshe tsakanin haƙora su furta ta, 'yan Ajantina da Meziko kuma s suke cewa. Ɗauki s, ba wanda zai kama ka da laifi. Sevilla se-BI-ya ce, Getafe kuma he-TA-fe, da h mai ɗan kauri daga maƙogwaro.

Kafin shirin yamma, ɗauki biro ka bi sunayen 'yan wasan da ke takardarka, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da ke ɗauke da ƙarfi, ka kawo min in duba.