Kanektar da Ake Dannawa Ba Dalma: Za Ta Yi a Bod ɗin Gwaji?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina haɗa na'urar cajin batirin sola, aikina na gama karatu. Na ga wata kanekta (mahaɗin waya) da ake danna ƙafafunta cikin bod, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, ba tare da dalma ba. Za ta yi a bod ɗin da na wanke da sinadari na huda da kaina? Ɗalibi daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, a wannan bod ɗin dai ka haƙura, ka ɗauko dalmarka. Ɗauki ƙafa ɗaya ka duba ta a haske: tsakiyarta a tsage take kamar idon allura. In ta shiga rami sai tsagar ta matse, ta tokare bango da ƙarfin da ko iska ba ta ratsa tsakani, shi ya sa wurin ba ya tsatsa. Amma sai bangon ramin yana da shafen jan ƙarfe, mai kaurin aƙalla maikiron 25, wato milimita 0.025. Ramin da ka huda ba shi da shi, to ƙafar me za ta kama?

In ranka na kanta, kamfani za ka ba su buga maka bod. Nan ne nake son ka natsu. Duba takardar bayanin kanektar, ka rubuta musu faɗin ramin bayan an gama shafe, ba faɗin bakin injin huji ba. Kuskuren da aka lamunta yawanci milimita 0.05 ne sama ko ƙasa. Ya yi faɗi, ƙafa ta yi sako-sako, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Ya yi ƙunci, ta yage shafen. Ka nemi shafen kuza na sinadari, domin wanda ake tsomawa a narkakkiyar dalma kaurinsa ba ya daidaita. Bod kuma kada ya gaza milimita 1.6.

Abin yana da amfani, ba a banza ake sa shi a kwamfutar mota da na'urorin sadarwa ba, inda girgiza da zafi ke tsattsage dalma. Har ƙa'idarsa akwai, IEC 60352-5.

Wajen sawa, don Allah ban da guduma. Gama duk aikin dalma tukuna. Je Panteka a yanko maka ɗan ƙarfe mai ramuka daidai da ƙafafun, ka ɗora bod a kai, ka danna a tsaye, a hankali, da injin matsi na hannu. Ƙananan kafasito na tangaran ka nisanta su daga wurin tun a zane, domin bod na ɗan lanƙwasa suke fashewa. Ƙafar da ka zare kuwa kada ka mayar, sabuwa ake sawa.