Hukuncin cewa tunanin mutum ne ke jawo masa arziki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Tudun Wada nan Zariya, shekara 6 ina ɗinki amma har yau keke ɗaya gareni. Kwanaki abokina ya saka ni a wani guruf na WhatsApp da ake koyar da "sirrin arziki", suna cewa talauci a kai yake ba a aljihu ba, wai kullum da safe in tsaya gaban madubi in ce "ni mai kuɗi ne" sau 100, in rufe ido in hango motar da nake so to yunibas za ta jawo min ita. Shi kuma kawuna cewa ya yi in daina wahalar da kaina, abin da aka rubuta min shi zan samu. Malam kaina ya ɗaure, wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya.

Maganar mutanen nan zuma ce aka cakuɗa da guba, shi ya sa take shiga ran matasa. Bari in fara da gubar. Wanda ya ƙudurce cewa tunaninsa ko wata yunibas, wato duniya da sammai, ita ce ke kawo arziki da kanta, to ya ba halitta abin da yake na Allah shi kaɗai, wannan shirka ce babu kwana-kwana. Allah ya ce a suratu Hud aya ta 6 babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta na kan Allah. Kuma ka duba abin da Ƙaruna ya ce a suratul Ƙasas aya ta 78, "an ba ni shi ne saboda wani ilimi da ke wurina", ai kalmar kenan da ake sayar muku yau an canja mata riga, kuma ka san ƙasa ce ta haɗiye shi da gidansa. In kuma mutum ya ce a'a Allah ne mai bayarwa, madubin sababi ne kawai, to shi ma bai tsira ba, domin sababi ana saninsa ne ta hanyar shari'a ko ta abin da aka jarraba aka gani a zahiri, shi ko maimaita magana gaban madubi bai shiga ko ɗaya ba, hukuncinsa na kusa da na mai rataya laya yana jiran ta kawo kasuwa. Ka bar shi. Amma kar ka je kana kafirta abokinka, mafi yawan masu yi ba su san abin da ke ƙarƙashin maganar ba, ka yi masa bayani a hankali.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne cewar da suke yi duk talaka tunaninsa ne ya talauta shi. Subhanallah. Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta ce sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ba, dabino ne da ruwa. Wa zai buɗe baki ya ce tunanin wannan gida ne da matsala? Manomin Giwa ko Birnin Gwari da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ko ɗan acaɓan da tsadar mai ta karya bayan cire tallafi a 2023, zalunci ne a ce musu laifin zuciyarsu ne. Suratul Fajr ta riga ta rushe wannan awon, yalwa ba alamar girma ba ce, ƙunci ba alamar wulaƙanci ba ne, duka jarrabawa ce.

To amma fa akwai zumar, kuma tamu ce tun kafin su zo. Halin zuciya yana tasiri a neman mutum ƙwarai, domin shi ke tashinsa da asuba ko ya kwantar da shi. Annabi ya ce a hadisin Muslim, ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya. Kuma yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala da rowa da tsoro da nauyin bashi da rinjayen mazaje, ƙirga ka gani shida daga cikin takwas ɗin nan a cikin ƙirji suke. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce zai raba masa dukiyarsa biyu, shi kuma ya yi masa addu'a ya ce ku nuna min kasuwa, ya tafi ya dawo da ɗan cuku da man shanu, daga nan aka fara. Sakhrul Gamidi ya ji addu'ar Annabi ta a sa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, sai ya riƙa tura hajarsa da sassafe har dukiyarsa ta yawaita. Kaga duk su biyun abin da ke zuciya ne ya sauko ƙafa da hannu.

Shi kuma kawunka, Allah ya ƙara masa lafiya, gaskiya ya faɗa amma bai ƙarasa ba. Eh an rubuta arzikin kowa tun yana ciki kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Mas'ud, sai dai da sahabbai suka ce to ba ma dogara da rubutun mu bar aiki ba, Annabi cewa ya yi ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halitta shi dominsa. Kai ba ka ga rubutun ba balle ka san keke ɗaya aka rubuta maka. Ko Nana Maryam tana cikin naƙuda an ce ta girgiza kututturen dabino. Ka faɗa masa haka cikin ladabi.

Yanzu mu dawo shagonka, don a nan gyaran yake. Na san halin teloli da yawa a garin nan, azumi na kamawa sai a karɓi shadda da yadi fiye da abin da hannu zai iya, a ci kuɗin kafin alƙalami, mutum ya taso tun daga Samaru ko Kofar Gayan daren sallah ya tarar ko yankawa ba a yi ba an ce masa "gobe in sha Allah", to wannan kwastoman ya tafi kenan har da 'yan gidansu. Ga cakuɗa kuɗin shago da na cefane, ciniki ya shigo aljihu ya fita ba a san uwa ba ba a san riba ba. Ga kunyar komawa wurin wanda ya fi ka a koyi sabon ɗinki don kar a ce ka koma yaro. Ga faɗin "mu ai ba a yi mu don arziki ba", wanda munana zato ne ga Allah, alhali ya ce yana inda bawansa ya zace shi. Waɗannan su ne tunanin da ya wajaba ka canja. Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, kar ka karɓi aikin da ba za ka gama ba, ka shiga adashi da mutanen kirki da niyyar keke na biyu, lokacin nan da kake ba madubi kuma ka mai da shi na azkar ɗin safiya da addu'ar da na ambata.

Zama a guruf ɗin, in ana koyar da lissafi da tattali da iya mu'amala kuma kana iya tace ɓarnar aƙidar to babu laifi ka ɗauki mai amfani, in ba ka iyawa ka fita. In kuma suka ce ka zuba kuɗi ka kawo mutane a biya ka daga kuɗinsu, wannan haramun ne, cin dukiyar mutane ne da ɓarna, irinsa ne MMM da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, kar ka saka ko naira ɗaya.

Wallahu a'alam.