Gwiwar Mama da kuɗin da bai kai ba: me za a fara saya?

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da amosanin gaɓɓai, gwiwa biyu, yanzu har yatsun hannu sun fara. Tana da jiki sosai. A wani kemis a Sabon Gari an nuna mini ƙwayar gulukosamin, da shayin rage ƙiba, da roban ɗaure gwiwa. Kuɗina ba zai isa duka ba. Wanne zan ɗauka? Daga wata baiwar Allah a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Maganar yatsun nan ta fi ɗaukar hankalina, domin yatsa ba ya ɗaukar nauyin jiki, amma ciwon yana yawan kama yatsun masu ƙiba. Dalili ɗaya shi ne kitse ba ajiya ba ce kawai da ke kwance shiru. Yana fitar da sinadarai cikin jini, irin su leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994. Yawan kitse, yawan leftin. An same shi a ruwan gaɓar masu wannan ciwo, kuma yana zuga kumburi da sinadaran da ke cinye guringuntsi. Har a ƙasan ƙoƙon gwiwa akwai wani ɗan curin kitse da ke fitar da su kusa da inda ciwon yake. Ga nauyi kuma a kai: duk kilo ɗaya da aka sauke, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku.

Shayin nan ki bar shi. Yawancinsu maganin wankin ciki ne irin filasko. Ruwa ake zubarwa, kitsen yana nan, ga dattijuwa kuma ta galabaita. Gulukosamin ma ban ba ki shawara ba. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2006, mai mutum 1,583, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba idan aka haɗa duka marasa lafiyan.

Da ni ce, kuɗin zan raba uku. Na mota zuwa asibitin koyarwa na Shika a ga likitan ƙashi da masu gashin ƙashi, su koya mata motsin da ke ƙarfafa naman cinya. Sai man shafawa na diklofenak, wanda ya fi na haɗiya sauƙi ga ciki da ƙoda. Sai sanda, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwar da ta fi ciwo ba. Na san iyayenmu ba sa son a gan su da sanda, sai da lallashi. Roban gwiwa ya jira abin da likita zai ce.

Abin da ya fi aiki kuwa a madafi yake. A wani gwaji na 2013 mai mutum 454, waɗanda suka haɗa rage ci da motsa jiki na wata 18 sun sauke kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Mai kilo 90, kilo 9 ke nan, a hankali. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye da wake, a janye lemon kwalba da sukarin fura da na kunu. Ku yi tare da ita, kada a ware mata kwano kamar mai laifi.

Roƙona ɗaya: haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ana cewa na ciwon jiki ne, kada ya shiga gidan. Sau da yawa akwai dekzametason a ciki. Ciwo zai lafa kwana biyu, amma yana ƙara teɓa, yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma sa ƙashi ya yi rauni. Idan ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke dare ɗaya; ki tafi da ledar wurin likita ya gani.