Ina da digiri, ba ni da NCE: ta ina zan shiga aikin koyarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba Malam. Na yi digiri a kan Kemistiri a ABU, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Samaru, albashin ko tsakiyar wata ba ya kai ni. Kullum ana kukan makarantun gwamnati ba su da malaman kimiyya, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce ba za a ɗauke ni ba tunda ban karanci malanta ba. Ƙawata ta ce in yi PGDE, shekara ɗaya na gama. Kawuna kuwa, tsohon hedimasta ne, ya ce wannan shigowa ce ta taga, malamin ƙwarai sai wanda ya zauna shekara uku a kwaleji. Wa zan bi?

Wata mai karatu, Hayin Dogo, Samaru

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bi shawarar ƙawarki, amma kada ki watsar da maganar kawunki, don akwai abin da ya hango.

Mu fara da doka. A Najeriya NCE, wato takardar shaidar malanta da ake samu bayan shekara uku a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda a shiga aji da ita. Wanda ya yi digiri ko HND a wani fanni daban, an buɗe masa ƙofa ta hanyar babbar difloma a kan ilimi, wato PGDE. Ana yin ta a nan ABU, ana kuma yin ta a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedikwatarta ke Rigachikun a kan hanyar Kaduna. Ita NTI karatun daga nesa take yi, da haɗuwa a cibiyoyinta ƙarshen mako, don haka ba sai kin ajiye aikinki ba. Idan kin gama, sai ki zauna jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta. An kafa hukumar da dokar 1993, jarrabawar kuma ta fara a 2017. In kin ci, a yi miki rajista a ba ki lasisi, a rukuni ɗaya da wanda ya yi digirinsa a fannin ilimi tun farko. Saboda haka ki gaya wa Kawu, cikin ladabi, ƙofa ce hukuma ta gina, ba taga ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, yara suka yi wa firamare cikar kwari, malamai suka yi kaɗan. Aka riƙa ɗibar waɗanda suka gama sakandare ana ba su gajeren horo a kwalejojin horon malamai su fito da takardar malanta ta Giredi 2, a shekarar ce ma aka kafa NTI ɗin. Da aka zo UBE, shirin ilimin bai-ɗaya, a 1999 aka sake irin wannan. A 2016 kuma aka kawo 'yan N-Power, masu digiri da difloma, aka rarraba su makarantu a kan alawus na naira 30,000 a wata. Duk sanda aji ya fi ƙarfin malamai, gajeriyar hanya hukuma ke nema. Ban yi mamaki ba idan cikin abokan aikin Kawu da yake yabo akwai 'yan horon gaggawa na zamanin UPE.

To me ya hango? Aji ya hango, 'yata.

Lokacin ina duba makarantu na taɓa zama a bayan wani aji a wata ƙaramar sakandare a gefen gari. Wani ɗan bautar ƙasa ne ke koyar da lissafi, yaro mai ƙwaƙwalwa, ba shakka ya san abinsa. Daga shigowarsa ya juya wa yara baya, ya cika allo da kashe-kashen lamba, yana magana da allon cikin Turancin jami'a. Da ya juyo ya tambaya ko an gane, ajin ya amsa da ƙarfi an gane. Na karɓi littattafan 'yan layin baya, wata yarinya ta kwafe komai tsaf da kyakkyawan rubutu, amma da na tambaye ta rabi da sulusi wanne ya fi, sai ta ce sulusi, ai uku ta fi biyu. A makarantar akwai wata dattijuwa da ta fito daga WTC, kwalejin horon malamai mata, takardarta ba ta kai tasa ba. Ita da kara ɗaya na rake take shigowa, ta sa yara biyu su raba, sannan uku su raba, ta tambayi wanda ya samu guntu ko an yi masa adalci. Kafin a buga ƙararrawa ta san su waye ba su gane ba, da sunayensu.

Abin da dattijuwar nan ta sani ba ya cikin digirin Kemistiri. Yadda za ki tsara darasi ya shiga minti 40. Yadda za ki jefa tambayar da za ta tona wanda bai gane ba, ba tare da kin kunyata shi ba. Yaushe za ki sauko zuwa Hausa, yaushe za ki koma Turanci. Yadda za ki riƙe ajin da ya ninka abin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada, malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Ɗalibin NCE yana samun lokaci mai tsawo na gwajin koyarwa, abin da ake ce wa TP. Na PGDE gajere ne, kuma nan ne ake yin ha'inci: mutum ya kai takarda hedimasta ya sa hannu, ya leƙa aji ranar da mai dubawa zai zo, shi ke nan. Wanda ya yi haka ya sami takarda, bai sami aikin ba, kuma irinsu ne ke sa tsofaffin malamai ƙyamar hanyar. Ana koyon tuƙi ne a kan titi, da direba a gefenka.

Ke kina da abin da 'yan ajinku da yawa ba za su zo da shi ba, kin riga kin sha ƙurar alli. Duk da haka ki nemi yin TP ɗinki a makarantar gwamnati, ba inda kike aiki ba. Ajin yara 25 masu littafi kowa da nasa daban yake da abin da za ki tarar. Ki samu tsohuwar malama ki roƙe ta ta zauna a bayan ajinki ta gaya miki gaskiya. Shi kansa Kawu ki kai masa tsarin darasinki ya bi da jan biro, zai ji daɗi fiye da yadda zai nuna.

Sai dai kada in ruɗe ki. Takarda ba ita ke ba da aiki ba. Ƙarancin malamai a ƙasar nan ba wai rashin masu takarda ba ne kaɗai. Ga tsohuwar FCE, kwalejin ilimi ta tarayya, nan a Gyallesu, ta yi shekara da shekaru tana yaye masu NCE, je ki Sabon Gari ki ƙirga nawa ne a cikinsu ke tsaron shago ko tuƙa A Daidaita Sahu. Ɗaukar aiki ba kullum ake yi ba, albashi ba ya riƙe mutum, wanda aka tura ƙauye kuma neman hanyar dawowa gari yake yi. Ki tuna 2017, da gwamnatin jiharmu ta Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta ce 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi abin, darasin da ke ciki gare ki shi ne masu ɗaukar aiki a jihar nan sun saba da gwaji, ba sa tsayawa ga takarda. Inda kike da sa'a, malaman Kemistiri da Fiziks da lissafi su ne suka fi wuyar samu a sakandare.

Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar makarantar da za ki yi PGDE ɗin TRCN ta amince da ita, don akwai masu buɗe cibiya a ɗakuna biyu su sayar da takardar da ba ta wuce bakin ƙofarsu. Ki riƙe shaidar biyan kuɗinki. Ki kuma riƙa bibiyar sanarwar hukumar ɗaukar malaman sakandare ta jiha, don ita ce ta ki, SUBEB kuwa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta firamare da ƙaramar sakandare ce. Ki gaishe mini da Kawu.