Ku Tambayi Baba Malam: Kwano Bandir 7, Gida 11

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Daga Funtuwa nake rubuto maka. Kwana 10 ke nan, bayan sallar isha'i, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa. Kafin mu ankara ta yaye rufin gida 11 a layinmu. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Washegari aka yi karo-karo a ƙofar masallaci, aka damƙa mini kuɗin don ni ne mai shago a bakin layi. Abin da aka tara zai sayi kwano bandir 7 da ƙusa da ɗan katako.

Ga inda gizo ke saƙa. Cikin gidajen akwai na yayana, kuma a can mahaifiyarmu take. Akwai na wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu 5. Akwai wani tela Bayarabe ɗan haya, Kirista ne, wasu na cewa kuɗin masallaci bai shafe shi ba. Akwai kuma wanda shekara uku ba ma ga maciji da shi tun da ya toshe mini magudanar ruwa, kuma ko sisi bai bayar ba. Kowa ya zuba mini ido, barci ya ƙaurace mini. Da wa zan fara?

Mai shago, daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam. Sannunku da jaje, Allah Ya mayar da alheri.

Ɗana, abu na farko, kuɗin nan su bar aljihunka yau. Ban ce kai maci amana ba ne. Amma mutumin da gidan yayansa ke cikin lissafi, ko ya raba da ma'aunin zinari sai an ce ya karkata. Ka kira mai unguwa da liman da dattijuwa ɗaya daga cikin matan layin, ku zauna a zaure, a rubuta abin da aka tara da abin da za a saya, a karanta wa jama'a. Na ce a sa mace da gangan. Maza zaure suka sani. Mata ne suka san gidan da ake shimfiɗa leda a kan yara da dare, mai gidan kuwa da safe ya fito da babbar rigarsa yana cewa lafiya lau.

Sai lissafi, kuma a nan nake ganin ka ɗaure kanka da kanka. Kana tunanin gida nawa za a gama rufewa, shi ya sa bandir 7 ya zame maka ba komai ba. Ka daina ƙidayar gidaje, ka ƙidaya ɗakuna. Bandir guda falle 20 ne, kuma ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe kusan abin da yake ci ke nan. Bandir 7 falle 140 ke nan. Sannan kwanon da iska ta ɗauka ba sama ya tafi da shi ba, yana nan a bayan gidaje da gonaki da kan bishiyoyi. Ku tura samari su tattaro kafin 'yan gwangwan su riga ku. Kafinta mai hannu zai buge wanda ya lanƙwashe, ya toshe hujin ƙusa da kwalta. Idan aka haɗa sabo da tsoho, kowane gida cikin 11 ɗin zai iya samun ɗaki ɗaya da ba ya yoyo. A watan nan abin da ake nema ke nan: inda yara za su kwanta, inda buhun masara zai tsira. Falo da ɗakin baƙi su jira kaka.

Wannan ba dabarata ba ce. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan guzuri ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da ƙwarya guda. Har ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne.

Wa za a fara hawa wa rufi? Mai marayu, babu ja. Daga ita sai gidan da ke da jariri ko tsoho ko mara lafiya.

Batun tela kuwa, ka tambayi masu maganar: da aka tashi neman taimako, cewa aka yi "ga waɗanda iska ta yi wa ɓarna", ko cewa aka yi "ga masu sallah a nan"? Da zakka ce da sai mu koma ga malamai, don tana da nata ƙa'idoji. Wannan karo-karon maƙwabta ne. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa, kuma malaman tafsiri da dama sun sa wanda ba Musulmi ba a cikin na biyun. Abin lura kawai shi ne ɗan haya ne, rufi kuma haƙƙin mai gida ne. Ku nemi mai gidan, a yi magana gaban mai unguwa cewa za a cire kuɗin kwanon daga haya, don kada ku gyara wa mai hali gida a banza ya zo ya ƙara wa talaka kuɗi.

Mai toshe magudana ma a rufe masa ɗakinsa. Na san da ciwo. Amma 'ya'yansa ba su toshe maka komai ba, kuma wanda rufinsa ke kwance a gonar wani ba a tsammanin sisinsa. In ba shi da kuɗi yana da hannu, a ba shi guduma ya hau. Na ga gabar shekaru ta mutu a kan tsani, ɗaya na riƙe, ɗaya na hawa. Ban yi maka alkawarin taku za ta mutu ba.

Mahaifiya kuma, ɗana, kada ka bari in ji kunya a madadinka. Ita ba ta jiran karo-karo. Ka ɗauko ta zuwa gidanka yau, ɗakinta kuma daga ribar shagonka za a rufe shi. Gidan yayanka ya samu kasonsa kamar kowa.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin kansa, don mahaifina kafinta ne, na kuma yi shekaru ina miƙa masa ƙusa kafin boko ya ɗauke ni. Iskar farkon damina ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take. Tana wucewa ta sama tana tsotsarsa, idan kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki ta tokare shi daga ƙasa. Shi ya sa za ka ga rufi ya tashi ɗungurungum da katakonsa. Laifin ba na kwano ba ne, katakon ne ba a ɗaure shi da gini ba. Ku sa kafinta ya ɗaure shi da langalanga ko rodi da aka dasa cikin bango, ya yi amfani da ƙusa mai hula a kan tudun kwano, ya ƙara yawanta a gefuna da kusurwa, don daga nan ɓarna ke farawa. Wanda ke da hali ya ɗora bulo layi biyu ya zagaye bakin rufin, irin rawanin da magina na da ke yi wa soro. Ginin ƙasa da ya kwana 10 a buɗe kuwa, a duba shi kafin a ɗora masa nauyi, a kuma lulluɓe kan bangon da tamfol. Bangon da ya sha ruwa ba ya sallama kafin ya faɗi.

Ku yi shi gayya, ranar Asabar ko Lahadi. Kakanninmu a ƙasa suke ɗinka jinka, sai an gama a kira maza su ɗaga ta su aza kan ɗaki, daga nan aka samo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafinta biyu a biya su, saura kowa ya kawo ƙarfinsa, mata su dama kunu. Ku kuma rubuta sunayen masu gidajen a takarda, ku haɗa da hotunan ɓarnar, mai unguwa ya kai ƙaramar hukuma don ta isa hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. In wani abu ya zo, sai a shiga ɗaki na biyu.

TAMBAYA

Baba, ni ma iska ce ta rushe ɗakin maƙwabciyata, na ɗauko ta da yaranta 4. Yau mako uku. Abinci ya fara gaza mu, maigida ya fara tsaki, ni kuma kunya ta hana ni magana. Yaya zan yi?

Uwargida, daga Azare

AMSA

'Yata, Allah Ya saka miki. Maigidanki ba mugu ba ne, buhu yake kallo. Kada ki yi wa baƙuwarki magana tukuna, ita ma tana jin tsakin nan, ta fi ki jin nauyi. Matan layinku za ki yi wa. Ki ce musu kwana na wurinki, amma tukunya a raba: gidan wance Litinin, gidan wance Talata, ko kowa ya auno kwano guda na hatsi. Shi kuma maigida, maimakon tsaki, ki lallaɓa shi ya tara maza su tayar da ɗakin nan, ku sa rana. Ki gaya masa da dare bayan ya ci ya ƙoshi, ba yana shigowa daga kasuwa ba.